Ranar da Baba Ya Koma Kan Fa

Mahaifinmu mutum ne mai son tafiyar ƙasa. Malamin gona ne, ya ƙare shekarun aikinsa yana zaga ƙauyukan da ke kewaye da Suleja, kuma ko ranar hutu ba ya iya zaman gida. Muna yara, ranar Asabar yakan tasa mu gaba ni da yayana, mu tashi daga gidanmu na unguwar Magajiya mu bi ta bayan rafin Iku, mu kutsa wani kurmi, mu sha ruwa a wani idon ruwa da ke tsattsafowa daga gindin dutse, daga nan mu hau wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi, inda ake hango kogi kwance a cikin kwari. Ni tun da na shiga sakandare na daina binsa. Shi kuwa bai daina zuwa ba sai da muka hana shi.

Mantuwa ce ta sa muka hana shi. Ta fara da carbi da tabarau, ta kai ga sunayen jikoki, har wata rana ya fito daga masallacin unguwa ya kasa gane ƙofar gidansa. Likita ya ce ciwo ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a riƙa sa masa ido. Lokacin Inna ta riga ta rasu. Yayana da matarsa ke zaune da shi, yayan nawa kullum yana kan hanyar Abuja wurin aiki, ni kuma ina gidan mijina a cikin gari, ina koyarwa a firamare.

Wata Asabar a tsakiyar damina, rana ta ɗan ɗaga ina wanke-wanke, yayana ya kira ni.

"Baba yana wurinki?"

"Me zai kawo shi wurina da safen nan?"

Ya ce, "Tun da aka idar da sallar Asuba ba wanda ya gan shi. Na ɗauka yana ɗaki yana barci."

Hijabi kawai na zura na fito. Kafin in isa an duba masallaci, an duba majalisar da yake zama, wani ɗan'uwanmu ya hau mashin ya nufi tashar Diko ko Baba ya shiga mota. Mai shayin bakin titi ne ya ce ya ga wucewarsa da sanda da buta, ya gaishe shi ya amsa da fara'a, ya miƙe hanyar Iku. Muka dubi juna ni da yayana. Dukanmu mun san inda ya nufa.

Yayana ya ce in koma gida, zai nemo 'yan banga su raka shi. A shekarar nan ba a shiga daji haka kawai, kullum ana jin labarin an tare wani a gona an yi gaba da shi. Na nuna masa gabas, hadari ya fara haɗuwa. Na ce, "Yaya, kafin ka tara su ruwan nan ya sauko. Kuma ka sani kwanan nan ni ya fi saurara." Bai so ba, amma ya tayar da mashin na hau.

Inda muka san gonaki ne duk ya zama filoti, gidajen haya na ta tashi, ga bulo jibge ko'ina. Muka ajiye mashin a ƙofar gida na ƙarshe, muka yi ta laluben bakin hanyar a cikin ciyawa da ta kai mini ƙirji. Da ƙyar muka gane ta da wata tsohuwar ɗorawa. Muna shiga kurmin haske ya ragu, sanyi ya taso daga ƙasa, ƙafa na nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Na duba waya, babu sabis.

Na buɗe baki zan ƙwala kira, yayana ya riƙe hannuna. "Kada ki ɗaga murya. Ba mu san wa ke ciki ba."

Haka muka yi ta tafiya shiru. Can muka ji motsi a gabanmu, rassa na karyewa, ana tahowa. Ya ja ni bayan wani maɗaci muka rakuɓe. Sai ga wata Bagwariya ta ɓullo da itace a kafaɗa. Ita ma ta tsorata da ganinmu, saura kaɗan ta yar da kayan. Da muka tambaye ta, ta ce ta ga wani tsoho mai farar riga ya wuce wajen ruwa, ta yi masa magana ya ce gonar babansa za shi. Kakanmu ya rasu tun kafin a haife ni, gonar kuma an daɗe da rabuwa da ita.

Gaba kaɗan, a wani wuri mai taɓo, muka ga takalmin Baba ƙafa ɗaya ya kafe. Yayana ya zare shi ya riƙe. Daga nan sawun ya zama ɗaya da takalmi, ɗaya babu, kuma a kan wani farin dutse na ga ɗigon jini. Ban nuna masa ba, ashe shi ma ya gani bai nuna mini ba.

Idon ruwan yana nan yadda na san shi, garau, yana gangarowa ta ƙarƙashin tukurwa ya zama 'yar ƙorama da ake tsallakewa da taki ɗaya. Butarsa na ajiye a gefe, cike. Wurin ya jiƙe kamar an yi alwala. Iska ta fara kaɗawa da ƙarfi, aka yi tsawa daga nesa. Muka kama hawa, ina dafa duwatsu da hannu, hijabina na sarƙewa a ƙaya ina fizgewa.

Da muka fito sarari sai ga shi. Yana zaune a can bakin fan, daidai inda yake hana mu zuwa muna yara, ƙafafunsa na reto a kan kwarin. Dutsen ya yi gansakuka saboda damina. A ƙasa can kogi ya cika ya yi ja, ƙararsa na tasowa har inda muke.

Yayana ya yi sallama a hankali ya nufe shi. "Baba, mu ne. Taso mu tafi gida."

Baba ya waiwayo ya dube shi sama da ƙasa, fuskarsa ta canza. "Kai wane ne? Me kake nema a nan?"

"Ni ne, Baba. Ɗanka."

"Ƙarya kake. Tsaya nan." Ya dafa dutse ya yunƙura ya miƙe, ya ɗaga sanda, bayansa na kallon kwarin. Tsakanin diddigensa da bakin fan bai kai kamu ɗaya ba, kuma ƙafar da ba takalmi tana rawa. Yayana ya daskare a inda yake. Na ga gumi na bin wuyansa duk da iskar da ake yi.

Na ce, "Yaya, ja da baya. Zauna ƙasa." Ya ja da baya ya durƙusa.

Jin muryata ya sa Baba ya juyo gare ni. Ya ƙura mini ido, sai ya kira ni da sunan Gwaggo, ƙanwarsa da ta rasu tun ina budurwa. Ya ce, "Ke kuma wa ya ce ki biyo ni? Ban ce ki zauna gida ba?"

Ban yi niyyar komai ba, bakina ne ya amsa. Na kira shi yadda Gwaggo ke kiransa. "Yi haƙuri, Yaya. Tsoro na ji ni kaɗai."

"Kin ga gonar? Ina ta dubawa ban gan ta ba. Duk an rufe wurin da kwano." Ya fara juyawa zai nuna mini da sanda, ƙafarsa ta ɗan zame, ya tsaya.

Na zube a kan dutsen da gangan, na kama idon sawuna kamar na ji ciwo. "Yaya, ƙafata. Na gurɗe wajen hawowa, ba zan iya tashi ba. Zo ka kama ni."

Ya tsaya yana dubana, yana duban kwarin. Ɗigon ruwa na farko ya sauka a bayan hannuna. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai ya yi tsaki, ya ce, "Kullum ke ce da rigima," ya dogara sanda ya tako, yana ɗingishi, har ya iso kaina ya miƙo hannu. Na kama hannun da hannuwana biyu, ban sake shi ba.

Ruwan ya kece muna tsakiyar gangara. Baba ya yarda yayana ya riƙe shi ta ɗaya gefen bayan na ce masa wani bawan Allah ne zai taimake mu. Kafin mu iso idon ruwa 'yar ƙoramar nan ta zama wani abu dabam, ruwa ja yana gudu da itatuwa, ya kai gwiwa. Yayana ya ce idan muka jira ƙaruwa zai yi. Ya durƙusa ya goyi Baba, ni na riƙe gefen rigar yayan nawa, muka shiga. A tsakiya ya yi tuntuɓe ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, ruwan ya bugi ƙirjinsa, Baba ya ƙanƙame wuyansa yana salati. Na cafko reshen tukurwa da hannu ɗaya, ƙayarsa ta tsaga mini tafi, na ja su da ɗayan har ya samu ya miƙe.

A bakin kurmi muka haɗu da mijina da 'yan banga suna shigowa, ashe labari ya iso masa ya tattaro su. Aka wuce da Baba asibiti, aka wanke yankan tafin ƙafarsa aka ɗinke, aka yi masa allura. Ni ma aka ɗaure mini hannu. A mota muna komawa ya dubi yayana ya kira shi da sunansa daidai, ya tambaye shi me ya sa rigarsa ta yi taɓo haka, ko faɗuwa ya yi da mashin. Yayana ya ce eh, faɗuwa ya yi, ya juya fuska wajen taga.

Washegari aka kira kafinta ya sa sakata a can saman ƙofar zaure, inda Baba ba zai lura da ita ba. Na kwashe kayana na dawo gidan na yi makonni, har ƙafar Baba ta warke. A kwanakin nan wani lokaci ni 'yarsa ce, wani lokaci Gwaggo, kuma duk sunan da ya kira ni da shi amsawa nake yi.