Iskar da Safiyatu Ta Bari a Silinda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1446, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran aminiyata Safiyatu Abdulwadud a wani asibiti da ke nan Makka. An sallace ta a Harami bayan Isha'i, aka kai ta makwancinta. Ciwon zuciya ne ajalinta. Da gangan na sa wannan a farko, domin ko wanda zai gaji da karatu ya riga ya gani: ciwon zuciya ne, ba bindiga ba.

Safiya, kin san ni, ban iya shafa wa magana zuma ba, kuma ba yau zan koya ba. Tare muka tashi a unguwar Tandabawi ta nan Makka, 'ya'yan Kanawan da suka zo aikin Hajji tun ba a haife mu ba, suka yi zamansu. Na san ki kina yarinya mai taurin kai, na san ki kina amarya, na san ki ranar da mahaifin Raghad ya rasu ya bar miki ita tilo. Saboda haka idan za a yi maganarki, ina da haƙƙin in riga kowa buɗe baki.

Lokacin da aka buɗe wa mata nadin harbi, wato wurin wasan harbin saiti, kin haura arba'in. Kika je kika rubuta sunanki ba tare da kin nemi shawarar unguwa ba. Wanda bai sani ba ya sani: bindigar wasan nan babu albarushi a cikinta. Iska ce ake matsawa a wata 'yar silinda da ake ɗaurawa ƙarƙashin bututun, ita ke tura ɗan harsashi kamar ƙwayar dawa zuwa jikin takarda a nisan mita goma. Amma a bakin mutanenmu bindiga bindiga ce. An ce kin haukace, an ce zawarci ne ya taɓa miki kai, an ce me ya haɗa mace da kunamar bindiga. Ba ki tanka wa kowa ba. Ni ce nake tankawa, kina ja mini mayafi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, hannun nan da suka zaga, shi suka fi mora. Tsofaffi nawa ne masu ciwon suga daga Tandabawi har Utaibiyya suke jiran ki da safe ki yi musu allura, domin 'ya'yansu hannu na rawa? Hajiya Maiturare da bakinta ta ce allurarki ko cizon sauro ya fi ta zafi. Wadda ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tana tsoron asibiti, ke kike ɗaukar ta a motarki ki tsaya mata har a duba ta. Ba ki taɓa faɗa ba, kuma da kina raye da kin hana ni faɗa.

Da ido ya fara gajiya kamar na kowane ɗan hamsin, sai ma'aunin silindar ya gagare ki. Tsohon ma'auni ne mai allura irin ta agogo, fuskarsa ba ta fi farcen babban yatsa ba, kuma a can gaba yake, daf da bakin bindiga. Kin tsani ganin mutum ya juyo bakin bindiga saitin fuskarsa wai yana duba iska. Duk yarinyar da ta yi haka a gabanki, ranar ta gama harbi. Masu son ki daina suka ce to ga dalili ya samu, a zauna gida a ja carbi. Ke kuwa kika aika aka kawo miki sabon ma'auni mai lambobi, wanda ake danna masa maɓalli ya haska adadin iskar ƙuru-ƙuru. Ranar da ya iso kin kira ni kina dariya kamar an ba ki kujerar Hajji, ke da ke zaune a Makka.

Da shi kika koya wa Raghad abin da ni ma na haddace don yawan ji. Idan aka cika silinda takan ɗau ɗumi, lambar ta nuna ɗari biyu, mutum ya ɗauka ya gama. Sai ki ajiye ta a kan tebur, ki zuba shayi, ki hana kowa taɓawa. Tana hucewa lambar na sauka da kaɗan-kaɗan har ta tsaya. "Lambar farko ta zafi ce," kike cewa. "Jira ta huce, sannan ki yarda da ita." Haka kike da komai. Ko a mota ba kya barin silinda, don kin san zafin ranar Makka. A jakarki take kwana.

Ina wurin ranar Talatar nan, don haka ba labari aka ba ni ba. Na raka ki nadi da hantsi. Kin cika silindar da hannunki, kin ajiye ta tana hucewa, bindigar ma tana cikin akwatinta ba a buɗe ba. Kin ce mini ƙirjinki ya yi nauyi, kika nemi ruwa, kafin in juyo kin sulale. Motar asibiti ta ɗauke ki daga ƙofar nadi, wani ya gani, shi ke nan. Kafin La'asar labari ya isa unguwa cewa silinda ta fashe a hannunki.

Yayanki Uzair yana Jidda labarin ya same shi ta waya, kuma wannan sigar ce ta fara shiga kunnensa. A gaban mutane ya rantse da Allah cewa Raghad ba za ta sake taka nadi ba muddin yana numfashi. Da ya iso likita ya gaya masa gaskiya, ya ji, amma rantsuwa ta riga ta fita, ga kuma bakin jama'a. Raghad kuwa an riga an zaɓe ta a gasar da za a yi cikin Sha'aban, wadda kika yi shekaru kina shirya ta dominta. Yarinyar ta rasa uwa, ga shi za a raba ta da abu ɗaya da ya rage tsakaninku. Ba ta yi musu ba, ta dai daina cin abinci.

Kwana biyu ina zaune a wurin makoki a gidansa da ke unguwar Shisha, ina jin ana ta raɗa, har da masu cewa ai dama sun faɗa. Na haɗiye don darajar zaman. A rana ta uku haƙurina ya ƙare. Jakarki tana hannuna tun daga asibiti. Bayan La'asar na sa aka kira mini Yaya Uzair bakin ƙofar mata, na ciro silindar a gaban kowa. Wasu suka ja da baya, Hajiya Maiturare har da salati. Na ce masa ga abin da aka ce ya fashe, ya duba da idonsa ko akwai ƙwarzane.

Ya jujjuya ta a hannu. Raghad ta taso ta nuna masa maɓallin, ya danna, lambobi suka haska. Da Hausarta mai gauraye da Larabci ta ce wa kawun nata, "Ya Khali, Ummi ce ta cika. Ta huce, wannan ce lambar gaskiya."

Ya daɗe yana kallon lambar har ta mutu da kanta, ya sake dannawa. Na ga hawaye na bin gemunsa. Ya tambaye ni ko iskar da ke ciki har yanzu wadda kika sa ce, na ce babu wanda ya taɓa. Sai ya miƙa wa Raghad silindar da hannu biyu.

"Khalas, ya binti, shi ke nan 'yata. Da zafi na yi rantsuwar. Kaffarar a kaina take."

Washegari ya ciyar da miskinai goma, kuma shi da kansa ya tuƙa ta zuwa nadi. Masu raɗa ba su daina ba, ban kuma sa ran za su daina ba. Amma duk wanda ya sake cewa bindiga ce ta kashe ki, ya sani yana yi wa mamaci ƙarya a garin da ko tunanin zalunci ake wa hisabi, kuma ni Khairiyya ina raye, zan ƙaryata shi ko a gaban wa.

Ya Allah, ga baiwarKa Safiyatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa hannun da ya sauƙaƙa wa tsofaffi ciwo ya karɓi littafinta ta dama. Ka haɗa ta da mijinta da iyayenta a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Uzair da iyalinsa, da 'yan matan da ta koyar, da dukan dangi na nan da na Kano. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Raghad, Allah Ya dafa miki, Ya tsayar da hannunki. Na ji kin ƙi ɗaura silindar a wurin atisaye, kina aron ta wata, kin ce sai ranar gasa. Kin yi daidai. Zan zauna a sahun gaba, in ga harbin farko ya fita da iskar da uwarki ta cika.