Sunan Ɗan Fari

Lokacin ɗari, in an sallame isha'i, Kaka Hajo takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ƙauyenmu yana arewa da Filinge. Zamanin mulkin soja na farko ne, rediyo ɗaya ke unguwar, na maigari, shi ma in batir ya mutu sai ranar kasuwa. Kaka ce rediyonmu. Tana gasa mana gujiya cikin toka, tana korar awaki da ƙafa, kuma ba ta fara tatsuniya sai kowa ya amsa mata. In ta ce ga ta nan ga ta nanku, wani ya yi shiru, sai ta naɗe hannu.

"Akwai wanda bai amsa ba. Ni ba ni yi ma bango tatsuniya."

Cikin tatsuniyoyinta akwai ta wani saurayi makiyayi. Wata rana ya kai shanun ubansa rijiya, ya sunkuya zai zura guga, sai ya ga kasuwar Kumasi cikin ruwan. Ga jiragen ruwa, ga 'yan kokawa, ga 'yan mata na rawa da kaya irin wanda bai taɓa gani ba. Duk sa'ad da ya yi niyyar ɗaga kai, sai wani sabon abu ya fito. Shanu suka yi ta kuka har suka watse. Aka kawo masa fura ta yi tsami a gefensa. Kowa ya yi masa magana sai ya ce, "Ina zuwa." Sannu a hankali gara ta fara gini a ƙafafunsa.

Wata tsohuwa ta ce aljanin rijiya ne ya riƙe masa ido, kuma magani ɗaya ne: uwarsa ta kira shi da sunansa na yanka. To, saurayin ɗan fari ne, a ƙasarmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Uwar ta riƙa zuwa bakin rijiya tana cewa "kai", tana cewa "yaron nan". Ga mata na jan ruwa, kunya ta ɗaure mata harshe. Ta ce bari a watse, amma rijiya ba ta rabuwa da mutane. Ranar da ta daure ta kira sunan, gara ta riga ta toshe masa kunnuwa.

"Shi na surin da kuke gani bakin tsohuwar rijiya," in ji Kaka. "Ƙurunƙus, kusu ya tahi da sauran."

Ni da bakina bai iya shiru ba, na ce, "Kaka, wagga uwa sakarya ta. Ni da tun ranar hwarko na ƙwala mai kira."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Bari ki haihu, sarkin baki. Lokacin za ki san harshe na da nauyi."

Na haihu. Ɗan farina namiji ne, ya haura shekara ashirin yanzu. A gaban mutane "wancan" nake ce masa, shi ma ya saba. Yaro ne mai kai, har lise, babbar sakandare, ya shiga a Filinge. Kawunsa da ke Yamai ne ya aiko masa waya don karatu. Da soja suka sake karɓar mulki, kowa ya duƙufa kan waya yana neman labari, shi ma ya duƙufa. Mutane suka gaji suka koma gona. Shi bai ɗago ba.

Akwai wani lungu bayan rumbunmu inda waya ke kamawa sosai. Nan ya mayar ɗaki. Ya cusa abin ji a kunnuwa, babban yatsa na tafiya, wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai. Karatun lakkwal ya fita daga ransa, ya bari. Ubansa ya yi faɗa, ya yi duka, ya ƙwace wayar, yaron ya kwana biyu bai ci ba bai yi magana ba, aka mayar masa. Malam ya yi rubutu, yaron ya sha da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya. Da farko ina kuka in na shiga madafa. Daga baya kukan ya ƙare. Yanzu tuwo nake kai masa, in dawo in ɗauke shi ya yi sanyi, ban jin komai.

Daminar bara ruwan shuka ya sauka da asuba. Duk wanda ya san tudunmu na Kurfai ya san ba a jiran kowa ranar nan, in laima ta tsere shi ke nan. Gida ya tashi kaf, har tsofaffi da ƙwaryar iri. Ubansa ya saɓa sungumi, ya dubi bayan rumbu, ya wuce bai kira shi ba. Wannan rashin kiran ne ya sa na tuna Kaka.

Gwaggonsa na tsaye a tsakar gida da maƙwabta biyu. Ban jira su watse ba. Na je gabansa na tsaya.

"Habibu."

Gwaggo ta saki ƙwaryar da ke hannunta, iri ya zube. Ni kaina sunan ya yi mini baƙo a baki. Na sake kira da ƙarfi.

Ya zare abin kunne ɗaya, idonsa na kan wayar. "Ina zuwa, Inna."

Ya mayar da shi. Bai ma lura da abin da na kira shi da shi ba.

Muna yara mun ɗauka Kaka tana koya mana amsa kira ne. Sai da na girma na gane da mu mata take, masu jiran a watse. Abin da ban sani ba, kuma ba ta nan balle in tambaye ta, shi ne ko na makara ne, ko kuwa aljanin wannan rijiyar bai san sunan yanka ba.

Kullum da safe yanzu ina kiran sunan, ya daina yi mini nauyi. Shi kuma yana ce mini yana zuwa. In ina sharar tsakar gida nakan zagaya bayan rumbu, in share har kewayen ƙafafunsa.