Rijiyar Baba Yohanna

Har gobe ban manta da ranar da na je taya gidan Baba Yohanna a Dutsen Kura ba. Lokacin ni ne ƙarami a kamfani, Alhaji Sule ne babba, amma da hannun jarina a ciki. Aikinmu mu sayi tsohon gida, mu gyara ko mu rushe mu yi shaguna. Mai gida ya sa suna, mu taya, in ya sallama a kira lauya da mai awon fili.

Baba tsohon manomi ne, ƙafa ta gaza, 'yarsa za ta ɗauke shi. Bai ja ciniki ba. Damuwarsa rijiyar ƙofar gida, wadda in famfo ya ɗauke da bazara ita ke shayar da layin duka, masu coci da masu masallaci.

"Ɗana, gida na sallama," in ji shi. "Amma rijiya ba nawa ni kaɗai ba. Kada a rufe shi."

Na kira Alhaji a waya. Ya ce, "Ka ce masa to. In ya tashi mu zuba kankare, shago zai zauna a wurin."

"Ranka ya daɗe, tsohon nan ni ya kalla ya yarda. Ba zan yi masa ƙarya ba."

"Kai limami ne ko ɗan kasuwa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar awo na gayyato mai unguwa, na sa aka kafa dutsen iyaka a bayan rijiyar, ta faɗa waje da abin da muka saya. Da Alhaji ya gani ya ce ko a tone dutsen ko mu raba gari. Na ce dutse dai ya zauna. Muka rabu, gidan ya zama rabona, ofis da manyan masu saye suka bi Alhaji. Na sha wuya, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi.

Ku da kuke tasowa a wannan sana'a, mai gida yakan sallama bango da rufi cikin sauƙi. Abin da ya roƙe ku bayan nan shi ne ainihin cinikin, ku cika ko ku fasa saye.

Bazarar bara na tarar da leburorin Alhaji, da ke gini a bayan layin, suna jan ruwa a rijiyar. Ban hana su ba, ai ba tawa ba ce.