Ƙusar da Na Matsar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi abinSa. Ka tafi, Kaka, sandar fatsarka na jingine a bakin ƙofa.

Abokanka masu fatsa ba su taɓa shiryawa a kan abin da ake kira babban kifi ba. Tela ya ce sai an ɗora a sikeli. Direba ya ce wanda ya tsinke zare ya gudu, shi ya sa nasa kullum ƙato ne. Kai kuwa katako gare ka a rumfar da kuke zama, da ƙusa guda a daidai inda wutsiyar giwan ruwan da ka kama kana saurayi ta tsaya. Duk kifin da bai kai ƙusa ba, a wurinka jariri ne. Jariran nan kuwa su kake aikawa gidajen maƙwabta, da su ka raine ni bayan rasuwar babana. Shekara arba'in kana neman kifin da zai wuce ƙusar nan.

Yau zan faɗi abin da na yi. Bara na zare ƙusar na matsar da ita gaba, faɗin yatsa biyu, na toshe tsohon ramin da laka. Da damina ka kamo wani ƙato, ka shimfiɗa shi a kan katakon, ya gaza da yatsa ɗaya. Alhali ya wuce tsohon ramin, Kaka. Na tsaya ina dariya, na ce tsufa ya kai har ƙugiya, ka ce ni ma in aka kwantar da ni ba zan kai ƙusa ba. Na ce a raina gobe zan gaya maka. Kullum gobe.

Jiya na durƙusa gaban matarka Iya na faɗa mata. Ta ce tun ran nan ka kira ta rumfa, ka kankare lakar da farce, ka nuna mata ramin, ka ce: "Ƙyale ja'irin. In na wuce ƙusa, me zai fitar da ni rafi?"

Ban mayar da ƙusar ba. Tana nan inda ka bar ta, ni ne dai na rasa wanda zan tsokana.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kamar yadda ka yafe mini ban roƙa ba. Iya, Gwaggo, da dattawan rumfa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.