Lemon Sufeto da Katangar Mai Wanki

A rukunin gidajenmu akwai dokar da kowa ya haddace: katangar da ke damanka in ka shigo ƙofa, kai ke da gyaranta. Babana ne ya kawo dokar. Tsohon malamin makaranta ne, ritaya ba ta raba shi da gyara wa mutane zama ba. Kullum yana zagaye da sanda, yana ƙwanƙwasa katangun jama'a kamar mai zaɓen kankana, har aka laƙaba masa Sufeto.

Katangar hagunmu ta maƙwabciyarmu ce, Mai Wanki, wadda da wankin kayan mutane take ciyar da 'ya'yanta. Da katangar ta tsage, Baba ya tara maƙwabta, ya ce ruwan sabulunta ne ke cin gindin ginin.

"Wallahi Baba, a kwata nake zubarwa," in ji ta.

"Doka doka ce, 'yata. Ko ki gyara, ko ki daina wanki a tsakar gida."

Ba ta da ƙarfin gini, sai ta koma ɗaukar ƙunshin kaya a ka zuwa famfon bakin titi. Masu ba ta wanki suka fara janyewa.

A ɓangarenmu kuwa, jikin katangar, akwai bishiyar lemon da marigayiya Innata ta shuka. Baba ba ya bari ko ganyenta a tsinka. Nakan gan shi durƙushe a bayanta yana liƙa siminti, na ɗauka taimakon maƙwabciya yake yi.

Ran nan da la'asar aka tafka ruwa, katangar ta zube. Ga saiwar lemo nan mai kaurin taɓarya ta ratsa gindin ginin, ga liƙe-liƙen simintin Baba daidai inda ta huda. Ashe ya sani. Maƙwabta suka taru. Kunya ta rufe ni, na so ƙasa ta tsage in shige. Sufeto guda, ya kasa ɗaga kai.

Mai Wanki ta tsince lemon da ya zuba a tsakar gidanta ta cika kwano, ta tsallako ɓaraguzan, ta durƙusa ta ajiye kwanon a gabansa.

"Ga na Inna, Baba. Ta wajena ya faɗo."

Washegari da kansa ya je aron gatari. Sandar kuwa har yau tana bayan ƙofa.