Jarrabawar Auta

A layinsu babu mai kiransa da ainihin sunansa. Malam Daidai ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka kai masa kujera ka ce ƙafa ɗaya ce ta karye, sai ya kifa ta, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Ai sauran ukun ma ba su yi daidai ba." Ka je da aikin yini, ka dawo karɓa bayan mako. Masu haƙuri dai suna komawa wurinsa, domin ƙofar da ya kafa ba ta ƙara, tagar da ya haɗa ba ta cijewa da damina. Marasa haƙuri sun daɗe da sauya kafinta.

Ba kafinta ya so zama ba. Yana yaro ya zauna jarrabawar shiga makarantar fasaha. Ranar da aka kafe sunaye ya bi su daga sama har ƙasa, ya sake bi daga ƙasa har sama, babu nasa. Abokinsa da ya ci ne ya gaya masa cewa yayansa ya samo masa tsofaffin tambayoyi, ya yi ta bita kafin ranar. Shi kuwa kawunsa ya ja hannunsa zuwa shago ya miƙa masa zarto. Tun daga nan ya ƙulle abu ɗaya a ransa: duk inda aka ce gwaji, wanda ya shirya ake ɗauka, wanda ya je hannu rabbana ya koma gida.

Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya masu surutu kamar rediyo, sai kuma aka haifi Auta. Ta kusa cika shekara huɗu ba ta taɓa furta kalma ba. An duba kunnenta, lafiya lau. Cokali ya faɗi a ɗakin baya za ta waiga, amma ka kira ta har maƙogwaronka ya bushe, ko kallo ba ka ishe ta ba. In tana son ruwa, hannunka za ta kama ta ja ka har gaban famfo. Malam Daidai bai iya faɗin irin wannan magana a gaban mutane ba, amma abin yana cinsa ƙwarai. Burinsa bai wuce ya shigo gida ta ce masa "Baba" ba.

Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin yara ce ta ba su labarin wani bincike da ake yi a babban asibiti. Ana ɗaukar yaran da fahimtar magana ke yi wa wuya, a haɗa su da ƙwararriyar malama ta riƙa zama da yaron da iyayensa duk mako har shekara, a ga ko hanyar tana taimakawa. Ta ce gurbin ba shi da yawa, su hanzarta.

Suka je shi da Maman Auta. Ɗakin da aka shigar da su yana da darduma mai laushi, da madubi mai faɗi a bango, da wani ɗan tebur wanda ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa ƙasa sosai. Malamar da ke jagorantar binciken, wata mace mai tabarau da sanyin murya, ta zauna ta karanta musu bayani mai tsawo. Ta yi maganar 'yancinsu na fita duk sanda suka so, ta yi maganar sirri, ta yi maganar rukuni biyu da za a raba yara. Malam Daidai yana ta gyaɗa kai, rabin hankalinsa yana kan ƙafar teburin. Abu ɗaya ne ya shiga kunnensa ya zauna daram.

"Ba kowane yaro za mu ɗauka ba," in ji ta. "Sai mun yi mata gwaji tukuna, sakamakon ne zai nuna ko za ta shiga."

Aka kai shi bayan madubin, ashe daga can ana ganin cikin ɗakin. Wannan ma ya ɗaure masa kai, amma bai tambaya ba. Malamar ta fito da wata jaka: ƙananan katakai masu kusurwa huɗu, ja da kore da ruwan ɗorawa, da kofi, da cokali, da wani allo mai ramuka. Ta ce wa Auta, "Ba ni ja." Auta ta kalli fanka. Ta ce, "Sa kore a cikin kofi." Auta ta kwanta a darduma. Malamar ta ci gaba da ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya, har yarinyar ta fashe da kuka ta shige ƙarƙashin tebur. Aka dakata. Malamar ta ce ba komai, baƙunta ce, ba za a lissafa na yau ba, su dawo bayan 'yan makonni a yi na gaske.

Shi kuwa yana bayan madubi yana kallon komai. Ji ya yi kamar shi ne tsaye gaban sunayen jarrabawar nan da aka kafe yana neman sunansa. Da za su fita, ya ɗauki katako ɗaya kamar mai tattara mata kaya, ya juya shi a tafin hannu, ya gwada shi da gaɓar yatsa, ya mayar.

Washegari bai taɓa aikin kowa ba. Ya yanka katakai daga ragowar wani gado, ya goge su har suka yi santsi, ya cakuɗa fenti har jan ya zama irin na asibiti sak. Allon mai ramuka ma ya yi shi, kuma in gaskiya za a faɗa, nasa ya fi nasu kyau.

Maman Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana jera su a tabarma.

"Malam, ni fa kamar na ji matar nan ta ce a bar ta yadda take, kada a koya mata komai."

"Haka suke faɗa wa kowa," in ji shi. "Kina tsammanin sauran iyayen zaune suke? Wa kika taɓa gani ya je jarrabawa bai yi bita ba?"

"To ai ni ban gane ba. Masu iyawa suke nema ko marasa iyawa?"

"Ke ma dai. Wa zai ɓata shekara guda a kan wanda bai iya komai ba?"

Ta ƙyale shi, domin maganar ta yi kama da gaskiya, kuma ita ma ba ta riƙe duk abin da aka karanta ba.

Mutumin da bai taɓa zama a ƙasa da yaro ba, sai ga shi kullum da yamma ya naɗe ƙafa a tabarma, garin katako a gashin kansa. "Ba ni ja." Ya kama hannunta ya ɗora a kan jan, ya kai tafinsa, ya tafa mata. "Sa kore a cikin kofi." Ya kama hannun, ya sa, ya tafa. Ya bi tsarin malamar tiryan-tiryan, bai taɓa sauya na farko da na biyu ba, shi da ba ya son abin da bai yi daidai ba. Da fari kuka take yi. Daga baya ta gano tafin, kuma tafin ya yi mata daɗi. Ta kai ga in ta ji ƙarar ƙofar gida, sai ta jawo jakar katakai ta zauna tana jiransa. Masu kujeru da masu tagogi suka yi ta sintiri a shago, ya yi ta ba su haƙuri.

Ranar gwajin gaske wani saurayi ne ya zauna da Auta, ba malamar ba. An ce ƙa'ida ce, mai gwaji ya zama wanda bai san yaron ba. Jakar dai ita ce. Saurayin ya ce, "Ba ni ja," kafin ya rufe baki ja yana hannunsa. Kore ya shiga kofi. Cokali ya hau kan allo. Bayan kowane ɗaya Auta takan ɗaga kai ta jira, saurayin ya yi murmushi ya yi rubutu. Can wajen ƙarshe ya zo da abubuwan da ba a kai gare su ba a karon farko, ta koma kallon fanka, amma ta riga ta tara makin da ta tara. A bayan madubi Malam Daidai yana tafi a hankali, hawaye na zubo masa, ko kunyar matarsa bai ji ba.

Suka jira a benci har malamar ta kira su ofis. Fuskarta a sake, amma da alamar mamaki.

"Malam, Auta ta ba mu mamaki. Fahimtarta ta wuce iyakar da muka sa. Don haka ba za ta shiga binciken ba."

Ya yi murmushi, domin rabin farko ya ji. Sai rabi na biyu ya iso.

"Ba za ta shiga ba? Ai kin ce ta wuce."

"Ta wuce, shi ya sa. Yaran da suka kasa kaiwa iyakar muke ɗauka, su ne aka tsara shirin dominsu."

Ya dubi matarsa. Ita kuma ta dubi ƙasa.

"Malama, tsaya in gane. Ta ci ko ta faɗi?"

"Ba ci ko faɗuwa a ciki. Muna son mu san inda take ne kawai."

"To ai ni na kai ta inda take," in ji shi, tsakanin alfahari da tsoro. Ya zayyana mata komai, da katakan, da fentin, da tafin. Har girman katakon ya nuna mata da yatsa.

Malamar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta ce laifinsu ne su ma, da ba su tabbatar ya fahimta ba. Ta ce yanzu sakamakon ba ya nuna komai, ba a san abin da Auta ta gane ba da abin da ta haddace.

"To a sake mana," ya ce. "Na yi alkawari ba zan ƙara koya mata ba. Ko in ce mata ta yi kamar ba ta sani ba?" Yana faɗa ya ji wautar maganar, domin da Auta na jin irin wannan bayani, me zai kawo su nan.

Malamar ta ce gwajin iri ɗaya ne ga duk yaran, ba ta da ikon sauya wa ɗaya. Yaron da ya haddace kuwa sai an bar shi watanni ya manta, kafin nan an rufe ɗauka. Ta ce za ta kai maganar gaban sauran masu binciken, amma kada ya sa rai. Ta tura su sashen koyar da magana na asibitin, inda kowa ya san layin jira ya fi shekara.

Suka kama hanyar gida. Maman Auta tana da abin faɗa, kuma tana da gaskiya, amma ta dube shi ta haɗiye. Shi kuwa yana ta juya abin a kansa kamar kujerar da ya kifa. Ya duba ta nan, ya duba ta can, ya rasa ƙafar da ta gaza. Ya shirya, ta iya, an yaba, an kore su. Duk rayuwarsa rashin shiri ne ya cuce shi, yau kuma shiri.

Da suka shiga gida ya ɗauki jakar katakan zai kai shago ya zuba cikin tarkacen da ake ƙonawa. Auta ta riƙe masa wando. Ta ja, ta ja, yadda take jan mutum zuwa famfo, har ta kai shi bakin tabarma. Ya zauna. Ta zazzage jakar, ta jera katakan yadda ya saba jerawa, ta ajiye kofi a dama, ta zauna tana kallon bakinsa.

Bai ce ta ba shi komai ba. Ya sunkuyo har fuskarsa ta yi kusa da tata, ya nuna ƙirjinsa.

"Auta, ce Baba. Baba. Sau ɗaya kawai."

Ta saurara har ya gama. Ta miƙa hannu ta ɗauki jan katako, ta buɗe tafinsa ta sa masa. Sannan ta ɗaga kai, idanunta na haske, tana jira.

Maman Auta ta juya ta shige ɗaki. Malam Daidai ya daɗe yana kallon katakon da ya goge da hannunsa. Yarinyar tana nan tana jira, murmushinta ya fara raguwa. Ya ajiye katakon a cinyarsa, ya tafa mata.