Gezar Gonar Si Bushta

A ƙauyenmu na bakin kogin Sebu, in ka ga gonar alkama an nome ta tas amma an bar mata geza, kamar kan da wanzami ya yi fushi ya bari, to ta Si Bushta ce. Gezar ta bi bakin hanyar ruwa, cike da ƙaya da ciyawa. A ciki akwai tarin duwatsun da ya jibge wa bushiya, da wani dogon turke mai faifan katako a sama, wanda ya kafa don farar shamuwar yankinmu ta yi sheƙa. Tun yana saurayi ya hana a sa wa wurin garma. Cewa yake bushiya na cinye masa dodon-koɗi, shamuwa na kwashe fara da ɓeraye, kuma cikinsu ba wanda ya taɓa cewa yau ba shi da lafiya.

Matarsa Lalla Rkiya takan ce ya san sunan kowane tsuntsu a yankin, amma har yau yana rikita sunayen jikokinsa. Gaskiya ta faɗa. Ɗigo zai hango a sama ya ce maka shirwa ce ko shaho, kuma ba ya kuskure.

Babban ɗansa Layashi kuwa, tunda ya sayi tarakta idonsa ke kan gezar. Da ya matsa wa uban wata ranar kasuwa, sai tsohon ya bugi ƙirji a rumfar mai shayi, gaban jama'a.

"Ranar da na kasa bambance shamuwa da balbela, ka sa garmarka."

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka yi a kasuwa.

Shekaru suka ja, yanar ido ta fara rufe wa Si Bushta gani. Bai gaya wa kowa ba. Ƙafarsa ta san hanyar gona, hannunsa ya san inda kofi yake, sai ya ci gaba da cika baki. Amma tsoro ya shige shi sosai, kuma ba makantar yake tsoro ba kamar ranar da tarakta za ta bi ta kan duwatsun bushiya.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, suna zaune a jikin katanga suna dangwala burodi a miyar wake da man zaitun, sai ya hango wani farin abu a kan turken. Murna ta riga hankalinsa.

"Ga ta nan ta iso," in ji shi. "Rkiya, kin gani? Shamuwata ta yi sammako bana."

Lalla Rkiya tana cikin tsiyayo shayi daga sama, sai hannunta ya tsaya. Layashi ya dubi turken, ya dubi uwarsa.

"Ita ce, Ba," ya ce wa uban a hankali.

Sai iska ta taso. Abin da ke kan turken ya kaɗa, ya yi ƙarar da duk manomi ya sani, ƙarar buhun taki da ba komai a ciki. Si Bushta ya ji ta sarai. Kunya ta rufe shi, ya ajiye burodin.

"Sha shayinka, tsoho, kada ya huce," in ji matar.

Bai sha ba. Can ya yi gyaran murya.

"Layashi."

"Na'am, Ba."

"In ka ƙoshi, je ka sauko da ita kafin ta yi ƙwai."

Layashi ya yi dariya, yana goge ido da bayan hannu. Ya miƙe zai tafi, uban ya riƙo gefen rigarsa.

"Garmar fa?" in ji shi. "Na faɗa a gaban mutane."

"Shamuwa da balbela ka ce, Ba. Ni ban ji ka ambaci buhu ba."